Babi na Bakwai: Yadda Hanji Yake Sanin Abin da Aka Zuba Masa

Ikon mutum a kan abincinsa iyakarsa maƙogwaro. Shi ke zaɓen abin da zai ci, shi ke taunawa, shi ke haɗiyewa. Da zarar loma ta wuce, magana ta fita daga hannunsa, ba kuma za a sake neman izininsa ba sai a ƙofar ƙarshe, bayan kwana ɗaya ko biyu. Tsakanin nan da can tafiya ce mai tsawo, don ƙaramin hanji kaɗai yakan kai mita 6 idan aka miƙe shi, kuma a kowane taki sai an yanke shawara. Ruwa yakan bar tumbi cikin 'yan mintuna. Tuwo da miyar da ta sha manja yakan yi awa 3 ko 4 ana sakinsa kaɗan-kaɗan. Abin da ya lalace kuwa ba a barinsa ya yi nisa: ko a maido shi ta inda ya shigo, ko a kore shi gaba da ruwa. Duk wannan ba zai yiwu ba sai hanji ya san me ke cikinsa, nawa ne, kuma ina ya kai.

Waɗanda suka fara kama bakin zaren su ne William Bayliss da Ernest Starling, masana aikin jiki biyu a Landan, abokan aiki kuma surukai, don Bayliss 'yar'uwar Starling yake aure. A 1899 suka sa wa kare maganin barci, suka buɗe cikinsa, suka zura ƙaramin balan-balan a hanji don auna motsinsa. Suka lura cewa duk inda wani abu ya cika hanji, tsokar da ke bayan abin sai ta matse, ta gabansa kuma ta saki. Kullum haka, kullum kuma ta fuska ɗaya, daga baki zuwa dubura. Suka kira wannan dokar hanji. Wanda ya taɓa wanke kayan ciki ranar Layya ya san rabin aikin: ka kama hanji da yatsu biyu ka tatso, abin da ke ciki ya yi gaba. Ɗaya rabin, wato sakin da ake yi a gaba tun kafin abincin ya iso, shi ne wanda yatsa ba ya iyawa, kuma shi ne ya nuna akwai wani abu da ke tsara aikin.

A zamaninsu kowa ya ɗauka ƙwaƙwalwa ce ko laka. Sai suka yanke dukkan jijiyoyin saƙo da ke shiga hanjin daga waje. Dokar ta ci gaba da aiki. Da suka shafa wa hanjin koken, wanda a lokacin da shi ake kashe jijiya a wajen tiyata, sai ta tsaya. Ashe dai jijiya ce ke yin aikin, amma jijiyar a cikin bangon hanjin take.

A 1917 wani Bajamushe, Paul Trendelenburg, ya kawar da sauran shakka da gwajin da har yau ake maimaita wa ɗalibai. Za a yanko guntun hanjin ɓeran Masar, tsawon ɗan yatsa, a rataye shi cikin ruwan gishiri mai ɗumi ana busa masa iska. A ɗaure bakinsa da siririn bututu wanda ya tafi ga kwalbar ruwa. Muddin kwalbar tana ƙasa, guntun yana kwance lakwas. A ɗaga ta kaɗan, ruwa ya fara shiga. Da farko guntun zai ɗan takure, ya gajarta. Can sai a ga zobe ya ɗauru a ƙarshen da a da yake fuskantar baki, ya taho yana sharar ruwan zuwa ɗaya ƙarshen. Ya saki, ya sake cika, ya sake sharewa. Dabbar ta mutu tuni, babu ƙwaƙwalwa, babu laka, amma guntun ya ji an cika shi, ya kuma san ina ne gaba.

Jijiyoyin kansu an riga an gan su a madubin likita. Georg Meissner ya bayyana saƙar da ke ƙarƙashin fatar cikin hanji a 1857, Leopold Auerbach kuma ya bayyana wadda ke tsakanin shimfiɗun tsoka biyu a 1862. Ta Auerbach ta fi kula da motsi, ta Meissner ta fi kula da ruwan da hanji ke zubawa da jinin da ke zuwa masa. A jikin mutum ƙwayoyin jijiyar da ke cikin saƙun nan biyu sun haura miliyan 100. Wasu suna ji, wasu suna miƙa saƙo sama ko ƙasa, wasu suna ba tsoka umarni. Saƙon da ya yi sama ya ce a matse, wanda ya yi ƙasa ya ce a saki.

Darajar wannan saki ba ta fitowa fili sai an ga jikin da ya rasa shi. A 1886 Harald Hirschsprung, likitan yara a Denmak, ya ba da labarin jarirai biyu da suka rasu bayan fama da taurin bayan gida tun haihuwa, babban hanjinsu ya kumbura ya cika ciki. Shekaru wajen 60 likitoci suna zargin ɓangaren da ya kumbura, wasu har su yanke shi, ciwon kuma ya dawo. Sai a 1948 aka tabbatar cewa laifin yana ƙasa, a ɗan guntun da ke kusa da dubura, wanda ake ganinsa siriri a ɗauka lafiyarsa lau. Ƙwayoyin jijiyar hanji daga wajen wuya suke tasowa a makonnin farko na juna biyu, su bi hanji suna gangarawa. A jariri 1 cikin kusan 5,000, galibi namiji, tafiyar takan tsaya ba ta kai ƙarshe ba. Guntun da ba su isa ba yana da tsoka, amma babu mai ce mata ta saki, sai ya zauna a ƙulle, kashi ya yi ta taruwa a bayansa. A shekarar ce Orvar Swenson ya fito da aikin tiyatar a Boston: a cire guntun, a jawo lafiyayyen hanji a haɗa da dubura. Jaririn da ya wuce awa 48 bai yi baƙin kashin farko ba, cikinsa na kumbura, yana amai kore, ba na ɗurin jiƙo ba ne. Na likitan tiyata ne, kuma da wuri.

To, ta yaya jijiyar take sanin abin da ke cikin hanji? Ko ɗaya daga cikinsu ba ta leƙa ramin da abinci ke bi. Ba za ta rayu a can ba, wurin da ke cike da asid, da sinadaran narkar da nama, da ƙwayoyin cuta bila adadin. Tsakaninta da abinci akwai shimfiɗar ƙwayoyin halitta layi ɗaya tak, manne da juna, wadda ake sabuntawa duk kwana 3 zuwa 5. Yawancinsu aikinsu tsotse abinci. Amma kusan 1 cikin 100 aikinta daban. Kanta siriri ne, yana leƙe cikin rami da 'yan gashi. Gindinta faffaɗa, cike da ƙunshin sinadarai, yana fuskantar jijiyoyin saƙo da na jini. Ita ke ɗanɗana abin da ke wucewa ta sama, ta zubar da rahoto ta ƙasa. A ganina nan ne zuciyar al'amarin: jijiyar hanji, ban da cika da ja da take ji da kanta, kusan duk abin da ta sani game da abinci labari ne aka ba ta.

Bayliss da Starling ne suka sake yin tuntuɓe da wannan, a Janairun 1902. An san cewa idan asid ɗin tumbi ya shiga farkon ƙaramin hanji, fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi, takan zubo ruwa mai kashe tsami. Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya fi kowa suna a wannan fage, ya ce saƙon ta jijiya yake bi. Su kuwa suka ware wani lanƙwason hanjin kare, suka tsige duk jijiyar da ke zuwa masa, suka bar jijiyoyin jini kawai, suka zuba masa asid. Fankiriyas ta zubo ruwa. Nan take Starling ya kankaro fatar cikin hanjin, ya niƙa ta da yashi da asid, ya tace, ya yi wa karen allurar ruwan a jijiyar jini. Fankiriyas ta sake zubowa, fiye da na farko. Sinadarin suka sa masa suna sikiritin, kuma shi ne homon, wato sinadarin da ke kai saƙo ta jini, na farko da aka gano a duniya. Pavlov ya sa aka maimaita gwajin a wurinsa, ya gani, ya amince.

Daga nan aka yi ta gano 'yan'uwansa. A 1928 Andrew Ivy da Eric Oldberg a Amurka suka nuna cewa maiƙo yana sa hanji ya saki wani homon, wanda yanzu ake taƙaita sunansa da CCK. Shi ke matse matsarmama ta zubo ɗacinta a kan kitse, shi ke tayar da fankiriyas, shi kuma ke taɓa jijiya a ce wa tumbi ya rage sauri. Wannan ne dalilin da mai tsakuwa a matsarmama yakan ji ciwon ya taso bayan ya ci soye-soye. Ƙaramin hanji ba yawan abinci yake ƙirgawa ba, ƙarfinsa yake aunawa, ya riƙa karɓar kalori 1 zuwa 4 a minti. Abin da ya fi maiƙo dole ya fi daɗewa a tumbi. Idan kuma kitse ko sukari ya kuɓuce har ya kai ƙarshen ƙaramin hanji ba a tsotse shi ba, ƙwayoyin da ke can sukan saki wasu homon, ciki har da GLP-1, su taka wa duk na sama birki, su kuma kashe sha'awar ci. Allurar Ozempic da ta cika duniya a 'yan shekarun nan kwaikwayon wannan homon ce, wanda aka gyara don ya yi kwanaki a jini maimakon mintuna. Tashin zuciya da nauyin ciki da masu amfani da ita ke kuka da su birkin nan ne aka danne ba a ɗaga ƙafa ba.

Mafi yawa a cikin waɗannan ƙwayoyi masu kai rahoto su ne waɗanda ake kira EC, kuma abin da suke zubarwa wani sinadari ne mai suna sirotonin. Vittorio Erspamer, ɗan Italiya, ya tsamo shi daga fatar hanji a shekarun 1930. Sai a 1952 aka gane cewa shi ne sinadarin da wasu a Amurka suka samu a jini. Wadda ta haɗa shi da dokar hanji ita ce Edith Bülbring. Ta yi wa Trendelenburg mataimakiya a Balin, aka kore ta daga aiki a 1933 saboda mahaifiyarta jinin Yahudawa ce, ta koma Ingila. A Oxford, a ƙarshen shekarun 1950, da irin guntun hanjin da malaminta ya yi gwaji da shi, ta nuna cewa idan aka ƙara matsi a cikin hanji sirotonin yakan fito, kuma idan aka zuba sirotonin a ciki ɗan matsi kaɗan ya isa ya tayar da motsi. Yadda ƙwayar take jin taɓawa kuwa sai kwanan nan aka gano. A jikinta akwai wani furotin, Piezo2, wanda yake buɗewa idan an ja fatar ƙwayar. Shi ne wanda ke kan yatsunmu muke jin laushin yadi da shi. Ardem Patapoutian ya gano shi a 2010, ya samu lambar Nobel a 2021, ƙungiyar Arthur Beyder a asibitin Mayo kuma ta nuna aikinsa a hanji. Ƙwayar EC tana kuma da wani furotin mai jin yajin tafarnuwa da makamantansa, tana jin wasu sinadaran da ƙwayoyin cutar hanji ke fitarwa, tana jin sinadarin firgita da jiki ke saki. Gwaje-gwajen baya sun nuna hanji yana iya tura abinci ko da babu sirotonin ɗin fatarsa, don jijiyoyin cikin tsoka suna jin ja da kansu. Aikin ƙwayar EC ya fi ƙarfi wajen daidaita motsin, da kuma wajen ƙararrawa idan abu ya ɓaci.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na sirotonin ɗin jiki a hanji yake. Masu tallar magani a intanet sun riƙe wannan suna cewa farin cikin mutum ma a hanji yake, a sayi garinsu a warke daga damuwa. Maganar tana ɓata mini rai, don an ɗauki gaskiya an gina ƙarya a kanta, an kuma nufi mutanen da ke cikin wahala. Sirotonin ɗin hanji ba ya ƙetare shingen da ke kare ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa nata take haɗawa.

Hanyar gaskiya tsakanin ciki da kai ita ce jijiyar bagus, wadda ta sauko daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi wuya da ƙirji ta watsu a kayan ciki. Kusan kashi 80 cikin 100 na zaruruwanta sama suke kai saƙo, ba ƙasa ba. A 2007 aka nuna cewa furotin ɗin da harshe ke jin zaƙi da shi yana nan a ƙwayoyin hanji. Shekara guda bayan haka aka ga ɓerayen da aka hana wa harshensu jin zaƙi, cikin ɗan lokaci, sun koyi zaɓen kwalbar ruwan sukari a kan ta ruwa zalla. Ba su ji daɗinsa a baki ba, cikinsu ne ya gaya musu. A 2018 Diego Bohórquez, ɗan ƙasar Ekwado da ke aiki a jami'ar Duke a Amurka, ya nuna cewa wasu daga cikin ƙwayoyin nan ba sa jiran homon ya zagaya ta jini: suna manne da zaren bagus kai tsaye, saƙo ya wuce kafin ƙiftawar ido. Daga baya ƙungiyarsa ta nuna suna bambance sukari na gaske da zaƙin roba da ake sa wa lemon kwalba marar sukari. Harshe yana ruɗuwa da shi, hanji ba ya ruɗuwa.

Kusan duk wannan rahoto ba ya isa ga saninmu, kuma ɗan abin da ke isowa yakan zo a dagule. Likita zai zura na'urar leƙen babban hanji, ya ga tsiro, ya zarge shi da waya mai zafi ya yanke, mai jinya yana kallo a allo bai ji komai ba. Amma iskar da aka hura don a buɗe hanjin ita za ta sa shi murƙususu. Hanji ba ya jin yanka ko ƙuna, ja da kumburi yake ji, kuma ba ya iya nuna wuri daidai. Shi ya sa ciwon afendis yake farawa a kewayen cibiya, sai kumburin ya taɓa bangon ciki sannan ya sauko ƙasa ta dama. A 1973 James Ritchie a Ingila ya hura balan-balan a hanjin masu fama da murɗar ciki ta shekara da shekaru wadda gwaji ba ya nuna dalilinta. Da ya kai mililita 60, fiye da rabinsu suka ji ciwo, a cikin masu lafiya kuwa kusan 6 cikin 100 ne kawai. Irin waɗannan mutane suna yawo asibiti-asibiti, a yi hoto, a duba bayan gida, a ce musu ba su da komai, ko a ɗora musu maganin olsa da na taifod ba iyaka. Suna da wani abu. Jijiyar jin hanjinsu ce ta yi kaifi fiye da kima, tana kai rahoton ciwo a kan abin da na wani zai bari ya wuce.

Wasu martanin dogon zango ne. Kowace mai jego ta san jariri yana cikin shan nono sai ya ɓata zani: cikar tumbi ce ta aika wa babban hanji ya ba da wuri. Idan kuma ciki ya zama wayam, kamar da rana a watan azumi, wani motsi dabam yakan taso daga tumbi duk bayan minti 90 zuwa 120, ya bi ƙaramin hanji yana share ragowar abinci da ƙwayoyin cuta zuwa ƙasa. Wani ɓangare na ƙugin cikin mai azumi wannan shara ce, kuma loma ɗaya ta isa ta dakatar da ita.

Inda wannan ilimi ya zama na rai da mutuwa shi ne amai da gudawa. Dukansu biyu ba lalacewar hanji ba ne a asali, tsaro ne. Idan guba ta taɓa ƙwayoyin EC sai su kwararo sirotonin, ya bugi bagus, saƙo ya isa gindin ƙwaƙwalwa, daga can a tsara komai bi da bi: yawu ya cika baki, wata matsa mai ƙarfi ta taso daga ƙaramin hanji ta yi baya ta maido abin da ya wuce zuwa tumbi, hanyar numfashi ta rufe, tsokokin ciki su matse gaba ɗaya. Maganin cutar kansa irin su sisfilatin ta wannan hanya yake sa amai, har wasu majinyata a da sukan gwammace su bar jinyar. Ondansetiron, wanda ya fito wajen 1990, yana toshe wurin da sirotonin ke sauka a jikin bagus, kuma ya canza jinyar cutar kansa ƙwarai.

Gudawa ma haka. A kullum kusan lita 9 na ruwa ke ratsa ƙaramin hanji, 2 daga abin da muka ci muka sha, sauran jiki ne ya zuba, kuma kusan duka ake tsotsewa, abin da ke fita bai wuce mililita 200 ba. Jijiyoyin Meissner su ke riƙe da ma'aunin: abinci ya yi kauri a ƙara ruwa, an ji abin cutarwa a buɗe sosai a wanke shi. Ƙwayar cutar kwalara wannan ma'auni take ƙwacewa. Ba ta huda hanji, ba ta shiga jini. Gubarta tana shiga ƙwayoyin shimfiɗa ta maƙale hanyar fitar gishiri a buɗe, ruwa kuma ya bi gishiri. A farkon shekarun 1980 Ove Lundgren da abokan aikinsa a Siwidin suka nuna wani abin da ba a zata ba: idan aka kashe jijiyoyin hanjin dabba da magani, fiye da rabin ruwan da gubar ke jawowa yakan tsaya. Wato gubar tana sa ƙwayoyin EC su yi ta kai rahoto, jijiya kuma ta yi ta ba da umarnin wanki ba tsayawa. Daga baya suka nuna ƙwayar rota, wadda ta fi kowace jawo wa ƙananan yara gudawa mai tsanani, ita ma tana bi ta jijiya da sirotonin, shi ya sa takan fara da amai.

Wanda ya shiga sansanin masu kwalara ya ga sakamakon. Gadon leda ne mai huji a tsakiya, bokiti a ƙarƙashi don a auna abin da ya fita, ruwa fari-fari launin ruwan wankin shinkafa, wanda a babban mutum yakan kai lita guda a awa. Ido ya faɗa, murya ta dushe, fatar yatsu ta yamutse, a tsunkuli fatar ciki ta tsaya ba ta koma ba. Mutumin da ya fita gona da safe yana iya rasuwa kafin isha'i. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara suna cikin jihohin da abin ya fi ƙamari.

Abin da ke ceto shi ne akwai wata hanyar da gubar ba ta taɓawa. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa hanji yana shigar da sukarin gulukos tare da gishiri ta furotin guda, ɗaya ba ya shiga sai da ɗaya, ruwa kuma ya bi su. Furotin ɗin nan, SGLT1, shi ne kuma ɗaya daga cikin abin da ƙwayoyin rahoto ke gane sukari da shi. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka dama gishiri da sukari a ganguna, 'yan'uwan majinyata suna ba su da kofi. Mace-mace ta sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Idan babu ƙunshin ORS na asibiti, ma'aunin gida shi ne lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sukarin ya wuce haka, shi da kansa zai jawo ruwa cikin hanji.

Uwa takan ba da ruwan gishiri da sukari, ta ga gudawar ba ta tsaya ba, ta ce bai yi aiki ba, ta tafi kemis neman wanda zai tsayar. Ba na ganin laifinta, don ba a cika yi mata bayani ba: ruwan ba ya rufe hanyar fita, mayar da abin da ya fita yake yi har jiki ya kori cutar, sinadarin zink na kwana 10 zuwa 14 kuma ya rage tsawonta. Wanda ke tsayarwa, lofaramid, dangin kodin ne da tiramadol. Dukansu suna sauka a kan jijiyoyin Auerbach su kashe motsi, shi ya sa matasan da suka faɗa shan kodin, kafin da bayan hana maganin tarinsa a Najeriya a 2018, suke fama da taurin bayan gida. Ga babban mutum mai 'yar gudawa marar jini marar zazzaɓi, lofaramid yana da amfaninsa. Ga ƙaramin yaro kuwa yana tsayar da turawa ne alhali ruwa bai fasa zuba a cikin hanji ba. Zani ya bushe, uwa ta samu natsuwa, amma ruwan jikin yaron yana taruwa a cikinsa tare da ƙwayoyin cutar. A 1990 aka janye ɗigon lofaramid na jarirai daga kasuwa bayan likitoci a Pakistan sun ba da rahoton yaran da hanjinsu ya tsaya cak, cikinsu ya kumbura, wasu suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 irin wannan magani, kuma tun 2022 rigakafin rota ya shiga jerin waɗanda ake yi wa jarirai kyauta a Najeriya.